A Ba Mazan Jiya Lasin Sana'ar Da Suka Iya

Jama'a, maganarmu ta wannan mako a kan mazan jiya ce, watau sojojin da suka gama aiki aka sallame su, da kuma wata 'yar takarda wadda sau da yawa ita ke shiga tsakaninsu da abincinsu. Takardar nan ita ce lasin, ko satifiket na sana'a. Kowa ya sani a zamanin nan ba ka jan babbar mota bisa titin Gwamnati sai da lasin, ba ka yi wa mutum allura a asibiti sai an yi maka rajista, ba a ba ka kwangilar ja wa gini wayar lantarki sai ka nuna shaida. Ba mu ga laifin wannan ba, gama rayukan mutane a ke tsarewa. Abin da mu ke tambaya shi ne, mutumin da ya koyi aikinsa a bariki, ya shekara 15 ko 20 yana yinsa a daji ana harbinsa, ran da ya tuɓe kaki ya shiga ofis neman aiki, wace takarda zai ɗora wa akawu bisa tebur? In kuwa takardar da ke hannunsa ta soja ce, wa ya wajabta wa akawun nan ya karɓe ta?

Kada wani ɗan kasuwa ya ce wannan ba ta shafe shi ba. Kurtun da a ke ɗauka a kai Defo ta Zariya ai ba ɗan sarki ba ne, ba kuma ɗan minista ba. Ɗan manomi ne, ɗan mahauci, ƙanen mai tebur, ɗan maƙwabciyarki mai ƙosai. Kuɗin da aka kashe aka koya masa tuƙi ko kanikanci ko ɗaurin rauni, daga aljihun jama'a ya fito. In aka sallame shi aka ce ilmin nan ba ya aiki a gari, an yi hasara biyu ke nan: shi ya rasa abin yi, mu kuma da muka biya kuɗin koyarwar mun rasa direba, mun rasa makaniki, mun rasa malamin asibiti.

Bari mu ɗauko misali daga Amurka, domin can ne aka yi wannan gardama a fili, aka kuma rubuta abin da aka yi. A Amurka yawancin lasin na sana'a ba Gwamnatin Tarayya ke bayarwa ba, ko wace jiha daga cikin jihohinsu 50 tana da nata hukumomi da nata sharuɗɗa. A shekarun 1950 ma'aikaci ɗaya ne cikin 20 ke bukatar lasin kafin ya yi sana'arsa. Zuwa 1915 da ɗari, watau 2015, wani rahoto da fadar shugaban ƙasarsu ta fitar ya nuna abin ya kai wajen mutum ɗaya cikin huɗu. Ƙofofi sun yi yawa ke nan, ko wace ƙofa kuma da mai gadinta. To, ana cikin haka sai ga samari suna komowa daga yaƙin Iraƙi da na Afganistan dubbai dubbai. A shekarar 2011 lissafin Ma'aikatar Ƙwadago tasu ya nuna kashi 12.1 cikin 100 na sojojin da suka yi aiki daga 2001 zuwa lokacin ba su da aikin yi. Cikin samari maza masu shekara 18 zuwa 24 kuwa abin ya kai kashi 29.1. Ƙasar da ta fi kowa kashe kuɗi wajen horar da soja ke nan.

A watan Agusta na 2011 Shugaba Barak Obama ya tsaya gaban jama'a ya ba da labarin wani sojan asibiti. Yaron nan a Afganistan ya ceci ran wani sojan Faransa da aka harba a ka, ya kuma taimaka aka tsamo mutum 42 daga ambaliyar kogi, har aka ba shi lambar girma. Da ya koma gida jihar Wayomin, ko aikin agajin gaggawa ya kasa samu. Sai da ya koma aji ya zauna ana koya masa abin da shi ma zai iya tashi ya koyar. Ku duba fa, ba wanda ya ce yaron bai iya ba. Abin da aka ce shi ne takardarsa ba irin tasu ba ce.

Ga yadda suka ɓullo wa al'amarin, sai mu yi ta bi daki daki, domin akwai abin koyi ciki.

Suka fara da direbobi, don nasu ya fi sauƙi. A 2011 hukumar da ke lura da manyan motoci ta ba jihohi izni su ɗauke wa tsohon soja jarrabawar tuƙi ta bisa titi, muddin ya cika sharuɗɗa. Sai ya zama ya yi shekara biyu yana jan motar soja wadda ta yi daidai da irin wadda ya ke neman lasinta. Sai ya zama tuƙinsa ba shi da tabo, ba a taɓa ƙwace masa lasin ba. Sai kwamandansa ya sa hannu ya shaida irin motar da ya ja. Sa'an nan ya nema kafin kwana 90 su cika da barinsa aikin, daga baya ne aka mai da wa'adin shekara guda. Jarrabawar rubutu ta dokokin hanya kuwa ba a ɗauke masa ba da fari, aka ce ya zauna ya rubuta kamar kowa. Sai a 2018 aka ƙara ba jihohi dama su ɗauke ita ma ga waɗanda tuƙi shi ne ainihin aikinsu a soja. Yanzu dukan jihohin nan 50 suna aiki da sassaucin jarrabawar tuƙin. Ba a gina sabon ofis ba, ba a naɗa sabon minista ba. Takarda guda ce da sa hannun kwamanda.

A watan Nuwamba na 2011 Majalisar Dokokinsu ta yi dokar taimakon mazan jiya wajen samun aiki, a watan Yuli na 2012 kuma ta ƙara wata wadda ta umurci hukumomin Tarayya su lissafa horon soja in mutum ya zo neman lasin da ke hannunsu. Amma da ya ke yawancin lasin na hannun jihohi, dokar Tarayya ba ta isa ba. Sai da aka bi jiha jiha, majalisa majalisa, ana roƙo ana matsawa, kowace ta yi tata doka. Wannan ya ci shekaru, kuma har yau abin da wata jiha ta yarda da shi wata tana iya ja. Mun faɗi haka ne don kada wani ya zaci Amurkawa sun kwana sun tashi suka ga an gama.

Akwai kuma wani aiki da ba a cika jin labarinsa ba, alhali shi ne gishirin miyar. Tun bayan yaƙin Hitila suna da wata majalisar ilmi wadda ba ta soja ba, aikinta ta aika malamai su shiga makarantun soja, su duba abin da a ke koyarwa da yawan sa'o'in da a ke yi, su ce wannan kos daidai ya ke da darasi kaza na kwaleji. Soja in zai fita sai a ba shi takarda mai ɗauke da dukan kos ɗin da ya yi, an juya su cikin harshen da malamin makaranta da mai ɗaukar ma'aikata za su gane. Matsalar ai tun asali ta tafinta ce. Soja na da sunayensa da lambobinsa, farar hula na da nasu, in ba a sami mai fassara a tsakani ba sai a yi ta kallon kallo.

Amma misalin da ya fi burge mu ya girmi duk waɗannan. A 1965, lokacin da a ke yaƙin Biyetnam, ƙauyukan Amurka suna fama da ƙarancin likitoci. Wani likita a Jami'ar Duke, sunansa Eugene Stead, ya duba ya ga ga mutane sun yi aikin jinya cikin sojan ruwa, sun saba da jini, sun saba da ɗinki, amma in sun fito ba wani matsayi da ya dace da su a asibitin gari. Ya ɗauki huɗu daga cikinsu ya sa su a kos na shekara biyu. A 1967 uku suka gama. Daga nan aka sami sabuwar sana'a da a ke kira mataimakin likita, mai duba marar lafiya ya rubuta magani tare da kulawar likita. Yau masu wannan sana'a a Amurka sun haura 150,000. Daga mutum huɗu fa! Likitan nan bai ce su koma aji ɗaya ba, bai kuma ce tun da sun yi soja a miƙa musu asibiti ba. Ya auna abin da suka sani, ya ɗora musu abin da ya rage.

A nan ne za mu amsa wa masu suka, domin suna da 'yar gaskiyarsu. Suna cewa aikin bariki dabam, aikin gari dabam. Haka ne. Sojan asibiti ya san harbin bindiga, ya san tsai da jini, ya san karaya, amma waɗanda ya saba yi wa magani samari ne majiya ƙarfi. Mai naƙuda fa? Jariri mai ƙyanda fa? Tsoho mai ciwon sukari fa? Waɗannan sai an koya masa. Direban soja kuma ya saba tafiya cikin jerin gwano ana buɗe masa hanya da jiniya, to, dole ya san a gari mai keke ma yana da hakki bisa titi, ya san dokar lodi, ya san ba a tsai da tanka a bakin kasuwa. Ba mu ce a ba kowa lasin don ya taɓa sa kaki ba. Wanda ya yi haka ya zalunci fasinja, ya zalunci majinyaci, kuma talaka ne zai kwana a ciki, don mai kuɗi ba ya shiga motar haya, ba ya kwanciya a asibitin ƙauye. Abin da mu ke cewa shi ne a gwada mutum. In kos na shekara uku ne shi kuwa ya riga ya san na shekara biyu, a koya masa na shekara guda ya yi jarrabawa tare da kowa. Wanda ya faɗi ya sake.

Sai dai mu lura, ba dukan mai cewa yana tsare lafiyar jama'a ne ke nufin haka ba. Hukumomin lasin a ko'ina galibi 'yan sana'ar ne da kansu ke zaune ciki, kuma ba mai son a ƙara masa abokan cin tuwo. Ga kuma masu makarantun kuɗi, waɗanda in aka ce tsohon soja ya tsallake aji biyu, kuɗin aji biyu ne ya tsallake aljihunsu. 'Yan kasuwa sun fi mu sanin wannan hali, ba sai mun yi dogon bayani ba.

Mu komo gida, gama wannan ciwo ba baƙo ba ne a wurinmu. A 1943 Ingilishi suka kafa runduna ta 81 da ta 82 daga sojojin Afirka ta Yamma, aka ɗebi kakanninmu daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya aka kai su Bama yaƙi da Japan. Hausa ce harshen bariki a lokacin. Wanda ya ke shakkar wannan tarihi ya dubi sunayen barikokinmu: Dodan da Myohaung a Ikko, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, duk daga yaƙin nan aka samo su. Ba bindiga kaɗai aka koya musu ba. Soja ya horar da direbobi da makanikai da masu buga waya da kafintoci da masu jinya da yawan gaske. Da yaƙi ya ƙare a 1945 aka komo da su, da yawa suka tarar aikin da suka sa rai babu shi, sana'ar da suka koyo kuma ba ta sami kasuwa ba. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Abin da ya biyo baya a Gwalkwas, wadda a ke kira Gana yanzu, sananne ne. Ran 28 ga Fabrairu 1948 mazan jiya suka yi jerin gwano a Ankara, babban birnin ƙasar, za su kai wa Gwamna takardar kukansu a kan hakkinsu da rashin aiki. Ba su ɗauke da makami. Aka tare su a mararraba kafin su kai fadar, wani Baturen 'yan sanda ya buɗe wuta, mutum uku suka faɗi: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Gari ya yamutse kwana da kwanaki, aka naɗa kwamitin bincike, shekara tara bayan haka, a 1957, Ingilishi suka naɗe tabarmarsu daga ƙasar. Ba mu kawo wannan don mu tsorata kowa ba. Mun kawo shi ne don mahukunta su tuna mutumin da aka koya wa jimiri da tsari, in aka bar shi da yunwa, kukansa ba ya tsayawa a ɗaki.

Yau kuma ga 'ya'yanmu sun fi shekara 15 suna fama a Barno da Yobe, ga na dazukan Zamfara da Katsina. Ko wace shekara ana sallamar waɗansu, waɗansu da ƙafa guda, waɗansu da sauran ƙarfinsu, da mata da 'ya'ya. Gaskiya ita ce ba a zauna haka kawai ba. Akwai cibiya a Oshodi ta Ikko inda a ke kai sojojin da suka kusa barin aiki a koya musu sana'o'i. Soja kuma na da makarantunsa: ta injiniyoyi a Makurɗi, ta kanikanci da lantarki a Auchi, ta sufuri a Binin, ta aikin asibiti a Ojo. Waɗansu daga cikinsu suna ba da difloma wadda hukumar ilmi ta yarda da ita, wanda ya sami wannan ya tsira. Damuwarmu tana kan ƙaramin soja, kofur da saje, wanda iliminsa ya taru ne daga gajerun kos da shekarun aiki, wanda ya kwance injin mota ɗari ya ɗaura amma abin da zai nuna bai wuce takardar sallama ba. Koya wa mutum kiwon kaji ko ɗinki ran da zai fita abu ne mai kyau. Amma wanda ya shekara 20 yana gyaran janareto, me ya sa ba za a fara da tabbatar masa da sana'ar da ke hannunsa ba?

Kayan aikin kuwa duk muna da su, haɗa su ne ya rage. Ma'aikatar Ƙwadago tana da jarrabawar sana'a mai daraja uku tun zamanin da. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana riƙe da tsarin lasin tuƙi. Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa da ke Kaduna tana da tsarin da a ke gwada wanda ya koyi sana'a ba a makaranta ba, a ba shi satifiket gwargwadon iyawarsa, har an taɓa shi da masu sana'a na kasuwar Panteka. To, in ana iya zuwa Panteka a gwada maƙeri da mai walda, mene ne wuyar shiga bariki? Kuma mu faɗa a nan, ƙofar da za a buɗe wa tsohon soja ita ce za ta amfani yaron gareji da ya shekara bakwai ƙarƙashin maigidansa. Dukansu ciwonsu ɗaya, hannu ya iya, takarda babu.

Ga abin da mu ke nema. Majalisar Tarayya ta rubuta shi a doka, kada a bar shi ga alherin wani shugaban hukuma wanda gobe za a canja shi. Dokar ta ce ko wane kos na soja a auna shi a faɗi daidai da wane mataki ya ke a gari, a buga jerin a fili kowa ya gani. Ta ce a yi wa soja jarrabawar sana'arsa tun yana cikin kaki, shekara guda kafin sallama, kuɗin jarrabawa a kan Gwamnati, domin ran da ya fito ƙofar bariki lasinsa na aljihu. Wanda ya jira sai ya fito, fansho bai zo ba, mai gida na neman kuɗin haya, ina zai sami kuɗin fom da na mota zuwa Abuja? Hukumomin masu jinya da na ma'aikatan lafiya na karkara kuma a umurce su su shirya gajeren kos na cike giɓi, domin ga ɗakunan shan magani a ƙauyukanmu an gina an kulle don ba ma'aikaci.

Akwai kuma sharaɗin da ba za mu sassauta ba, domin mun san halin ƙasarmu. Hafsan da ya sa hannu ya ce wane direba ne alhali bai taɓa riƙe sitiyari ba, a hukunta shi da sunansa. Kada abin ya zama hanyar da manya za su raba wa 'yan gidansu da masu wanke musu mota takardu, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Jarrabawa ta zama a fili, farar hula su zauna cikin masu gwadawa, sakamako a manna a allo. Waɗanda aka riga aka sallama tun shekarun baya su ma a buɗe musu, kada a ce sai sababbi.

Ku kuma 'yan'uwa da ke da ɗa ko ƙane ko miji a soja, ku aika masa ya tattara takardar ko wane kos da ya taɓa yi, kome ƙanƙantarsa, ya sa kwamandansa ya rubuta masa irin motar da ya ja ko injin da ya riƙe da yawan shekarun, tun kafin a yi wa kwamandan canji. Ya yi kofe biyu, ɗaya ya aiko gida a ajiye a akwati. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da na direbobi kuma, duk ɗan majalisar da ya zo rumfarku gaisuwa, ku tambaye shi ko zai kai wannan doka gaban majalisa, in ya ce i, ku ce ya faɗi watan.